Garkar gidan tsofaffi a ƙarshen kaka: yadda ake yi a ƙasar Faransa

Idan watan Nuwamba ya kama, manomin ƙasarmu ya gama cika rumbu. Hankalinsa ya koma fadama da bakin rijiya, domin lokacin noman rani ya zo. A wannan watan dai, masu garka a ƙasar Faransa naɗe aiki suke yi. Sanyi yana shigowa, ganyen itatuwa yana zuba, rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe 5 na yamma. A wannan fitowa za mu duba wata irin garka ta can, wadda ba don kasuwa aka yi ta ba. Garkar gidan tsofaffi ce. Masu jinyar tsofaffi sun ɗauke ta kamar magani, kuma ƙarshen kaka ne lokacin da riƙonta ya fi wuya.

Wane irin gida ne wannan?

A wurinmu, tsoho cikin iyalinsa yake ƙare kwanakinsa. Ɗa ko ƴa ko jika ke kai masa fura, a shimfiɗa masa tabarma a inuwa. A Faransa ma, mafi yawan tsofaffi a gidajen kansu suke zaune. Sai dai mutanen can suna daɗewa a duniya ƙwarai, iyali kuma ba shi da yawa. Sau da dama za a tarar da tsohuwa mai shekara 90, mijinta ya rasu, ƴaƴanta biyu suna wasu garuruwa masu nisa, su kansu sun haura 60. In ta kai ba ta iya wanka ko dafa abinci da kanta, ko kuwa mantuwa ta kama ta, sai a nema mata ɗaki a wani gida na musamman. A taƙaice suna kiran irin wannan gida Ehpad. Ma'anar sunan ita ce masaukin tsofaffi waɗanda ba su iya ɗaukar nauyin kansu.

Irin waɗannan gidaje sun kai kimanin 7500 a ƙasar. Mutanen da ke cikinsu sun kusa 600 000, wato sun fi ninki biyu na mutanen birnin Maraɗi a ƙidayar 2012. A ƙarshen shekarar 2019, rabinsu sun wuce shekara 88, kuma cikin kowane mutum 4, kusan 3 mata ne. Yawanci kowa da ɗakinsa. Akwai masu jinya, da masu dafa abinci, da likita mai lura da lafiyar gidan. Kuɗin zama ba wasa ba ne. A shekarar 2019, matsakaicin kuɗin ɗaki ɗaya a wata ya kai Yuro 2000. A kuɗinmu, ya fi jikka 1300 ke nan.

Kada mu yi saurin zaginsu mu ce sun yar da iyayensu. Kada kuma mu zaci gidajen nan aljannar duniya ne. A watan Janairu na 2022, wani ɗan jarida mai suna Victor Castanet ya fitar da littafi, ya tona yadda wani babban kamfani mai irin waɗannan gidaje yake tsuke abincin tsofaffi da kayan tsabtarsu don neman riba. Ƙasar duka ta girgiza. Akwai gidaje na kirki, akwai na banza, kamar kowace sana'a. Na kirkin ne za mu yi magana a kansu.

Zama wuri ɗaya

Babban abokin gaban tsoho a irin wannan gida shi ne zama. An dafa masa, an wanke masa, an share masa ɗaki. Ba abin da ya rage masa sai kujera da talabijin. Ga ido, hutu ne. Ga jiki kuwa, lalacewa ce. Tsokar mutum kamar hauya take: wadda ake aiki da ita tana ƙyalli, wadda aka jingine tsatsa ke cin ta.

An taɓa gwada wannan a Amurka, aka bayyana sakamakon a shekarar 2007. An sa waɗansu tsofaffi masu lafiya sun kwanta a gado har kwana 10. Da aka auna su, sai aka ga kowannensu, a matsakaici, ya rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Cikin kwana 10 kacal. Ƙafar da ta rasa tsoka ita ke kayar da mai ita. A shekarar 2022 gwamnatin Faransa ta bayyana cewa faɗuwa tana kashe kimanin mutum 10 000 kowace shekara cikin masu shekara 65 zuwa sama. Abin da aka fi tsoro shi ne karayar ƙugu. Tsohon da ya karye a ƙugu yakan daɗe kwance, da yawa kuma ba su sake tafiya kamar da.

Ba ƙafa kaɗai zama ke cutarwa ba. Wanda bai motsa ba, ba ya jin yunwa. Wanda bai ci ba, ya rame. Cikinsa yakan ɗaure. Wanda ya yini a ɗaki mai duhu yana gyangyaɗi, dare na yi sai barci ya ƙaurace masa, domin hasken rana ne ke gaya wa jiki lokacin farkawa da lokacin kwanciya.

Sai kuma ciwon mantuwa, wanda mukan kira gigin tsufa. Irinsa da ya fi yawa ana kiransa Alzheimer, sunan wani likitan Jamus ne da ya fara bayyana shi a 1906. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba maita ba, ba kuma aikin iskoki ba. Mai shi yakan manta abin da ya ci da safe, daga baya ya manta sunan ƴarsa. Amma akwai abin mamaki. Abin da hannu ya saba tun ƙuruciya yakan daɗe bai ɓace ba. Tsohuwar da ba ta san ranar da ake ciki ba, in aka ba ta wake da ƙwarya, sai ta hau ɓara daidai wa daida. A nan ne garka ta shigo.

Daga 2008 zuwa 2012, gwamnatin Faransa ta gudanar da wani babban shiri na yaƙi da wannan ciwo. Cikin shirin an ƙarfafa cewa sashen da ake kula da masu mantuwa ya kasance yana da fili ko garka inda za su fita. A birnin Nancy, gabashin ƙasar, babban asibitin jami'a ya buɗe irin wannan garka a 2010, kuma ta zama abin koyi. A garin Dax, kudu maso yamma, an buɗe wani ƙauye guda a 2020 domin masu mantuwa 120. Yana da kanti, da wurin gyaran gashi, da garkar kayan miya, har da jakuna. A shekarar 2020 ɗin nan ne kuma annobar korona ta sa aka hana ziyara a gidajen tsofaffi daga watan Maris, aka tsare mutane da yawa cikin ɗakunansu. Masu jinya sun ba da labarin yadda waɗansu suka daina ci, suka daina magana, alhali cutar ba ta kama su ba. Tun daga nan, mai gardama a kan amfanin fita waje ya ragu.

Yadda aka tsara garkar

Garkar tsofaffi ba irin tamu ta fadama ba ce. Tsoho mai shekara 88 ba ya iya duƙawa ƙasa, in ma ya duƙa tashi ya zama aiki. Saboda haka ƙasar ce ake ɗagowa ta zo wurinsa. Ana ƙera babban akwati na katako mai ƙafafu, tsayinsa kamar na tebur, a cika shi da ƙasa da taki. Ana barin wuri a ƙarƙashinsa yadda mai kujera mai taya zai tura gwiwoyinsa ciki. Faɗin akwatin ba ya wuce inda hannu ke kaiwa. Kayan aiki marasa nauyi ne, masu kaurin ƙota, don yatsun da ciwon gaɓoɓi ya lanƙwasa.

Hanyoyin cikin garka shimfiɗaɗɗu ne, ba tudu ba rami, ga ƙarfen dafawa a gefe, ga benci kowane ɗan taki. Hanyar kuma zagaye take yi ta komo inda ta faro. Dalili shi ne, mai mantuwa in ya tarar da hanya ta ƙare a bango, hankalinsa yakan tashi, ya rasa yadda zai koma. In kuwa zagaye ce, duk inda ya bi ƙofar gida zai iso. Ana kewaye filin da shinge, a rufe shingen da tsirrai don kada ya yi kama da kurkuku. Ba a dasa abu mai dafi ko mai ƙaya, domin mai mantuwa yana iya tsinkar ganye ya kai baki. An fi son masu ƙamshi, kamar na'ana'a, saboda ƙamshi yakan tuno wa mutum abin da ya daɗe da mantawa. Inuwa ma dole ce. Zafin da aka yi a watan Agusta na 2003 ya kashe kimanin mutum 15 000 a Faransa, yawancinsu tsofaffi.

Aikin Nuwamba

Kakarsu tana farawa wajen 22 ga Satumba, ta ƙare wajen 21 ga Disamba. A ƙarshen Nuwamba, rana ba ta fitowa a birnin Paris sai ƙarfe 8 ta wuce. Yinin bai kai awa 9 ba, alhali namu ko a tsakiyar ɗari ya fi awa 11. Sama a lulluɓe take da gajimare, ana yawan yayyafi. Wata safiya akan tashi a tarar raɓa ta daskare a kan ciyawa, fari fat kamar an watsa gishiri. A irin wannan yanayi, abu mafi sauƙi ga ma'aikata shi ne su kulle ƙofar garka sai watan Afrilu. Gidan da ya yi haka ya sa tsofaffinsa zaman wata 5. Ku tuna abin da kwana 10 ya yi wa ƙafa.

Gidan da ya san abin da yake yi ba ya kullewa. Ana jira rana ta ɗaga, tsakanin hantsi da azahar. A sa wa kowa babbar riga, da hula, da safar hannu, da takalmi mai kama ƙasa. A fita minti 20 ko 30, a komo a sha abu mai ɗumi. Ba a jira tsoho ya ce yana jin sanyi, domin jikin tsoho ba ya saurin faɗa masa gaskiya, ko game da sanyi ko game da ƙishirwa.

Aikin farko shi ne ganye. Itatuwan can suna zubar da ganyensu kaf, bayan ya rikiɗe ya zama ja da rawaya. Jiƙaƙƙen ganye a kan hanya santsi ne da shi kamar miyar kuɓewa, saboda haka share shi kariya ce daga faɗuwa. Mai ƙarfin tsayuwa ya ja tsintsiya, na cikin kujera ya riƙe bakin buhu. Ba a ƙona ganyen. Dokar ƙasar ma ta hana ƙona sharar garka. Ana tara shi wuri ɗaya tare da ɓawon kayan miya daga ɗakin girki, ya shekara yana ruɓewa, ya zama baƙin taki mai laushi. Mu da muke cinna wa karan gona wuta kafin shuka, ya kamata wannan ya ɗan tsaya mana a rai.

Sai girbin ƙarshe. Kabewa ba ta jure daskarewa, dole a shigar da ita tun kafin sanyi mai ƙarfi ya sauka. Ana yanke ta da ɗan guntun hannunta, domin wadda aka cire wa hannu tun daga tushe tana saurin ruɓa. Tumatirin da bai nuna ba, a tsinke shi ɗanye, a jera a ɗaki ya ƙarasa nuna. Shu da karoti, da wata albasa mai dogon wuya wadda ba ta yin kai, da suke kira puwaro, su kam ana barin su a ƙasa, a riƙa ciro na miyar yini.

Aikin da muka fi so a ba mu labarinsa shi ne shukar tafarnuwa. A watan Oktoba ko Nuwamba ake yin ta. Ana ɓare kan tafarnuwa, a zaɓi manyan ƴaƴan da ke gefe, a bar ƙananan tsakiya don miya. A tura kowane ɗa cikin ƙasa da yatsa, tsininsa yana kallon sama, zurfin kamar gaɓa ɗaya ko biyu ta yatsa, a bar tazarar faɗin tafin hannu. Ba a sa mata ɗanyen taki, ba a cika mata ruwa, don kada ta ruɓe. Tafarnuwa tana bukatar sanyi kafin kanta ya rarrabu ya yi ƴaƴa. Shi ya sa ma a ƙasarmu garake na duwatsun Ayar suka shahara da ita. Aiki ne da ya dace da hannun tsoho: ba nauyi, ba gaggawa, ana yin sa a zaune. Amma ba a tonon wannan tafarnuwa sai watan Yuni ko Yuli. Mai shekara 90 da ta tura ta cikin ƙasa ta san lissafin nan sarai, ba wanda zai ruɗe ta. Duk da haka takan shuka, a kafa ɗan katako da sunanta a gefen akwatin. Daga ranar ta sami abin tambaya kowace safiya: ta tsiro ko ba ta tsiro ba? A wurin da kowace rana take kama da ta jiya, wannan tambaya ba ƙaramin abu ba ce.

A lokacin nan ne kuma ake binne kawunan furannin da za su fito bayan sanyi. Sun yi kama da albasa ƙwarai, amma waɗansu suna da dafi. Don haka ma'aikaci yakan ƙidaya su kafin aiki da bayan aiki, kada wani ya sa ɗaya a aljihu ya je ɗaki ya ci. Masu dashen itace kuwa 25 ga Nuwamba suke jira. Manoman can suna da tsohon zance cewa duk icen da aka dasa a wannan rana zai kama. Akwai gaskiya a ciki: itacen ya zubar da ganye ya yi barci, ƙasa tana da danshi, ba ta riga ta daskare ba, saboda haka saiwa tana samun zama kafin ganye ya dawo.

Abin da ya saura shi ne lulluɓe garka. A baza haki ko busasshen ganye a gindin tsirrai, a rufe masu rauni da wani farin ƙyalle marar nauyi, a shigar da tukwanen furanni cikin ɗakin gilashi. Ana kuma tsiyaye ruwan da ke cikin bututu, domin ruwa in ya zama ƙanƙara yakan kumbura ya fasa ƙarfe.

Akwai wani aiki da zai ba manomin gero dariya. Daga tsakiyar Nuwamba, ana rataye ƴan akwatuna a jikin itace, a riƙa zuba wa tsuntsaye hatsi da kitse. Mu da muke yini muna korar jan-baki daga gona, da wuya mu gane wannan. To, ba gero ba ne a fili a lokacin, kuma tsuntsayen nan su ke cinye tsutsotsin garka in ɗumi ya dawo. Ban da haka, ana rataye akwatunan daura da tagogin waɗanda ba su iya tashi daga gado. Wanda ba ya iya zuwa garka, ta wannan hanya garka ke zuwa wurinsa.

In ruwa ya hana fita

Ranar da ake ruwa, garka takan koma kan tebur. A kawo kabewar da aka girbe, da karoti, da puwaro. Masu iya riƙe wuƙa su fere, sauran su wanke ko su tsince. A dafa romo mai kauri, ƙamshinsa ya cika zauren. Masu jinya sun san cewa tsohon da ke ture kwano yakan ci abin da hannunsa ya taɓa. Ana dafa tuffa har ta narke, saboda marasa haƙori. Ana gasa ƴaƴan wani itace da suke kira maron, kusan yadda muke gasa gujiya, hira kuma ta ɓarke, kowa yana faɗin yadda ake yi a ƙauyensu sa'ad da yake yaro.

Iri ma aikin tebur ne. A wanke ƴaƴan kabewa, a shanya, a ɓare busasshen wake, a zubar da mai huji. A zuba kowane iri cikin ambulan, a rubuta sunansa da shekararsa a baya. Waɗansu gidaje sukan gayyato ƴan makaranta su yi wannan aiki tare da tsofaffi. Yaro yana da idon karanta ƙananan baƙaƙe, tsohuwa ta san irin da zai tsiro da wanda ba zai tsiro ba.

Wannan lokaci yana da nauyi a zuciya. Ranar 1 ga Nuwamba, mutanen Faransa sukan kai furanni kaburburan danginsu. Yawancin mazauna gidan sun binne miji ko mata, da ƙawaye, wani ma da ɗa. Ga duhu yana saurin shigowa. Masu mantuwa da yawa hankalinsu yakan tashi da faɗuwar rana, su kama hanyar ƙofa suna cewa za su gida, yara na jira. Ma'aikacin da ya ƙware ba ya gardama da su. Yakan kunna fitilu tun kafin duhu, ya miƙa wa mutum abin yi da hannu. Wanda ya sha hasken rana da hantsi, ya ɗan gaji da aiki, ya fi samun barcin dare.

Sai dai ranar Nuwamba a can ba ta da ƙarfin da za ta sa fata ta ƙera bitamin D, wanda ke ƙarfafa ƙashi. Likita ne ke ba da shi a sha. Daga tsakiyar Oktoba kuma ake yi musu allurar rigakafin mura mai tsanani. Garka ba ta maye gurbin likita, ba ta kuma warkar da mantuwa. Har yau ba a sami maganin da ke warkar da ita ba.

Ba kowane gida ke da garka ba. Wani yana da ita, amma ma'aikata sun yi kaɗan, ba mai raka tsoho waje, sai ta zama ado ga baƙi. Ba kuma kowane tsoho ke son ƙasa ba. Wanda ya yi rayuwarsa a ofis, bai taɓa riƙe hauya ba, ba a tilasta masa. Ya zauna a benci ya yi kallo, ko ya riƙe littafin da ake rubuta ranar shuka. Abin da ba ya aiki ko kaɗan shi ne aikin ƙarya. In aka ba dattijo ƙasa ya yi wasa da ita kamar yaro, ya gane, kuma ransa zai ɓaci. Dole abin da ya shuka ya shiga tukunya.

Mu fa, a nan gida?

Ba al'adarmu ba ce mu kai tsoho wani gida, kuma ba mu kawo wannan labari don a fara ba. Amma zaman nan da ke cin ƙafa, yana faruwa a tsakiyar iyali ma. Saboda ladabi mukan karɓe hauya daga hannun dattijo mu ce: «Baba, ka huta, ai mun isa.» Mukan karɓe ƙwarya daga hannun tsohuwa mu ce: «Inna, bari yara su yi.» Niyyar tana da kyau. Amma daga an gama kaka, dattijo ya zauna a zaure ke nan har saukar damina.

Mu kuwa mun fi mutanen Faransa sa'a ta wannan fuska. A watan da suke lulluɓe garka, mu muke buɗe tamu. Tun bayan farin 1984, zamanin Janar Saini Kunce, da hukuma ta yi kira ga noman rani, garake suka yawaita a ƙauyukanmu. Aikin zaune yana da yawa a cikinsu. Zaɓen iri aikin mai dogon sani ne. Haka lura da wurin renon albasa da tumatir da salati, da tsinkar zogale, da yankan tumatir don kauɗa, da shanyar kuɓewa da yakuwa. Jan guga da ɗaukar ruwa na samari ne. Kada a bar tsoho a bakin rijiya, domin jiri ba ya sallama. Feshin maganin ƙwari ma ba aikinsa ba ne.

In fadama ta yi nisa, a kawo garka cikin gida. A jera tubali zuwa tsayin gwiwa ko ƙugu, a cika tsakiya da ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Rabin tano da aka huda gindinsa, ko tsohuwar randa da ta tsage, duk suna yi. A ɗora a kan duwatsu, a kange saboda awaki da kaji, a aje kujera a gefe. Ruwan alwala da na wankin hatsi sun isa shayar da ɗan fangali na yakuwa, da tonka, da na'ana'a. In akwai mai gigin tsufa a gidan, a tumɓuke zaƙami da zurma da tunfafiya daga inda hannunsa ke kaiwa.

Sanyin ɗari da ƙurarsa suna kama ƙirjin tsoho. Kada ya fita da asuba, a bari rana ta ɗaga, ya rufe kai da wuya. Da dare kada a bar garwashi cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga, domin iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci. A riƙa miƙa masa ruwa ko bai tambaya ba.

Ya sa takalmi in zai shiga garka, balle in yana da ciwon sukari, domin ciwon ƙafarsa ba ya saurin warkewa. Ƙasar da aka zuba wa kashin dabbobi tana ɗauke da ƙwayar tetanos, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya sarƙe haƙora. A Faransa, ƴan kaɗan da yake kamawa yanzu yawancinsu tsofaffi ne, sau da yawa daga ɗan rauni da suka ji a garka, shi ya sa ake sabunta musu allurarsa kowace shekara 10 daga shekara 65. Dattawanmu da yawa, musamman maza, ba a taɓa yi musu ita ba. In ƙaya ko ƙarfe ya soki tsoho, a wanke wurin nan take da ruwa mai tsabta da sabulu. Kada a sa ƙasa, ko toka, ko kashin shanu. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai shi likita a ranar, a kuma tambayi ma'aikacin lafiya zancen allurar tetanos.